Wa Zai Riƙe Shi a Bayana?



Ƙararrakin da nake rubutawa a zauren maigidana yawanci na gado ne da aure da iyakar fili. Maganar taɓin hankali ba ta zuwa zaure, domin mu a ƙuryar ɗaki muke ɓoye ta, mu ce iska ce ko sammu. Wadda na ga ta fito da nata fili maƙwabciyata ce, Kirista 'yar Katolika daga Mosawa, mijinta ya rasu, da tuyar ƙosai take riƙe gida.

Ɗanta ya haura shekara talatin. Yana gab da gama karatu ciwon ya same shi. Yakan ji muryoyin da ba mai jin su sai shi, ya yi kwana uku bai runtsa ba, wani lokaci ya ƙi abincin hannunta wai ta zuba masa guba. Dangi suka ce a sa shi a mari, ta ƙi. Wasu abokan ibadarta suka ce da bangaskiyarta ta cika da ya warke, ta haɗiye. Duk wata sai ta kai shi sashen masu taɓin hankali na asibitin Yalgado, kuɗin magani ya cinye ribar ƙosai. Ranar Lahadi tana coci, lokacin ziyarar Yagma kuwa tana cikin ayari da carbinta.

Ta taɓa ce mini: "Malam, da ina roƙon Allah Ya mayar mini da ɗana na da. Yanzu ƙarfin riƙe wanda ke gabana nake roƙo."

A bakinta na fara jin labarin Grégoire Ahongbonon, mutumin Benin, tsohon mai facin taya, wanda ya kafa ƙungiyar Saint Camille a Bwake ta Kwaddibuwa, yana bin ƙauyuka yana kwance masu wannan ciwo daga sarƙa yana kai su magani. Ta ce tun da ta ji haka ta daina jin kunyar ɗanta.

Addininmu daban, kuma kowa na riƙe da nasa. Amma mun karanta a fiƙihu cewa wanda hankalinsa ya gushe shari'a ta sauke masa nauyi, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Nauyin da aka sauke masa, a kan masu hankali ya koma.

Abin da ke hana ta barci tambaya ɗaya ce: "In na mutu, wa zai riƙe shi?" Kafin a rushe Zangwetin a 2003, unguwa ce ke amsa irin wannan tambaya, domin zango masaukin wanda ba shi da kowa ne. Yau mun warwatsu a Wagadugu, kowa ya ja ƙyaurensa.

Don haka ina roƙonmu. Mu tsawata wa yaranmu masu binsa da jifa da waƙa. Mai babur ya ɗauke su ranar asibiti. Mai hali ya sayi maganin wata ɗaya. Waɗanda kuma ke da irinsa a ƙuryar ɗaki, su haɗa ruƙiyya da likita, su fito da shi ya sha iska.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Amin.