Daga Tanut zuwa Belbeji: ƙofar da muka tarar a rufe

Bayan an gama ɗaurin gero, mu huɗu cikin shugabannin asusu muka tashi daga Tanut don mu gaida ƙungiyoyinmu na ƙasar Belbeji. Niyyarmu duba littattafan zubi ne, amma duk inda muka shimfiɗa tabarma, kafin a buɗe akwati hira ta koma kan haihuwa.

Da muka bar kwaltar da ke zuwa Agadas muka yi yamma, sai rairayi da karan gero, nan rijiya da raƙuman Buzaye, can garken Fulani. Damargu ƙasa ce mai faɗi, gari da gari nisa. Mu da ke lafiya lau cikin motar kasuwa ƙugunmu ya gaya mana, balle mai naƙuda bisa amalanken jaki.

A wani ƙauye aka kai mu ƙaramin ɗakin likitansu. Gini mai kyau, amma da kwaɗo a ƙofa, awaki na kwance a inuwarsa. Ma'aikacin ya tafi tun kafin damina, ba a kawo wani ba. Tsohuwar ungozomar garin ta kama hannunmu ta ce: "Ɗiyana, da can ni ke yanke cibi. Aka ce mu daina, mu riƙa raka mata asibiti. To, na yarda. Yanzu ina zan raka su?" Wallahi muka rasa ta cewa. A makon da muka je, jikarta ta haihu a hanya, tsakanin garinsu da CSI. Allah ya sa uwa da ɗa sun rayu, amma jini ya zuba sosai, har yanzu ba ta iya ɗaukar tulu.

CSI ɗin da suke zuwa kuwa, mun yini a can. Ɗakin haihuwa ɗaya, sazifam ɗaya, ita ce awo da safe, ita ce haihuwa da dare, in wuta ta ɗauke sai fitilar salula. Mun ga wadda ta sauka da asuba an maido ta tabarma ƙarƙashin dogon yaro don wata ta samu gado. Mu mata mun iya cewa "sazifam ta cika faɗa", mu ma mun sha faɗa. Ranar dai tausayinta muka ji.

In abu ya fi ƙarfinta sai turawa gaba, asibitin gunduma, in ya ƙi sai cibiyar uwa da yaro ta Damagaram. Daga Tanut kawai wajen kilomita 150 ne, ku ƙara da rairayin da muka ratso. Gaskiya ne tun 2005 gwamnati ta ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, a 2006 aka ƙara awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma kyautar tana can inda likita yake. Kafin a kai gare ta akwai kuɗin hanya, da abincin mai jinya, da neman wanda zai ba da jini.

Akwai kuma namu laifin, kada mu ɓoye. Mai cikin fari ta kwana tana naƙuda ta ƙi faɗa don kunya. Wata a jira izinin maigida, shi kuwa yana cin rani a Libiya ko Aljeriya, waya ba ta shiga. Nan jihar Damagaram aka soma makarantar mazaje don irin wannan, mu kuwa me muke jira?

Ga abin da muka tsayar da matan Belbeji, muna roƙon kowace ƙungiya ta duba shi a zamanta na gaba. Kowace mace ta ƙara dala biyar a mako cikin akwatin taimako, na haihuwa kawai, ba a taɓa shi don biki ko suna. Mai ciki ta nemi izinin mijinta tun kafin ya tafi, a gaban uwarsa. Magatakarda ta rubuta lambar manjo da ta mai amalanke ko mai mota a bangon littafi. Wadda watanta ya kama, in garinsu na da nisa, a nema mata masauki kusa da CSI.

Maganar ɗakin da ke rufe kuwa, mun rubuta takarda zuwa ga magajin gari da kwamitin asibiti, kowace mace ta dangwala yatsa. Ungozomar ce ta fara sa nata, ta ce ita za ta kai da kanta ranar kasuwa.