Dararen da Na Yi Ina Tace Kogin Kaduna

A shekarar 2013, da aka soma aikin madatsar ruwa ta Zungeru, na kafa kyamara cikin akwatin ƙarfe a tudun gonar kawuna, tana fuskantar Kogin Kaduna. Kullum da rana tsaka takan ɗauki hoto ɗaya. Garinmu Zungeru ya saba ganin abu ya zo ya wuce. Nan hedikwatar Arewa ta zauna tun 1902 kafin ta koma Kaduna, har gadar ƙafa ta Gwamna Lugga aka kwance aka tafi da ita. Na so wannan karon a sami shaida.

Ainihin aikin yana kan tebur, bayan sallar isha, janareta na ruri a tsakar gida. Fim ɗin da nake haɗawa da hotunan yana cin hoto 25 a sakan guda, saboda haka shekara sukutum ba ta cika sakan 15 ba. Kafin a kai nan, sai na kwafe hotunan a ma'aji biyu, na jera su bisa kwanan wata, sannan na ware waɗanda yanar gizo ko kashin tsuntsu ya ɓata. Zafi da iska kan gusar da akwatin kaɗan, don haka na zaɓi wani dutse a tsallaken kogi, kowane hoto sai an daidaita shi da dutsen, in ba haka ba fim ya yi ta rawa.

Daga nan sai haske. A manhajar Lightroom nakan gyara 'yan hotuna su zama ginshiƙai, manhajar LRTimelapse ta cike tsakani, ta kashe ƙyaftawar da bambancin haske ke jawowa. A nan na fi daɗewa, domin manhaja tana iya mayar da shekara duka launi ɗaya. Wani dare Kawu ya leƙo ya tarar ina rage hazon hunturu.

"Ɗana, ina ka kai hazon?"

"Yana rufe kogin ne, Kawu."

"Bar shi. Da shi muke sanin ruwa ya janye, a sauka fadama."

Na bar shi. Hunturu ya fito fari da ƙura, bazara ta tone duwatsun tsakiyar kogi, damina ta kawo ruwa ja mai kauri kamar kunun dawa. Ƙyaftawar kwana zuwa kwana kawai na kashe, na ƙyale sauyin watanni yadda Allah ya yi shi.

Yau madatsar tana da ƙarfin megawat 700, tafki ya shafe kwarin da kyamarar ke kallo. In na kunna fim ɗin, dattawa ba sa bari ya gudu. "Tsaya nan," in ji su, sai wani ya ɗora yatsa a allo ya nuna inda ya shuka shinkafa, wani ya nuna mashigin kwalekwale.

Waya kan haɗa irin wannan fim yanzu cikin ƙiftawar ido, amma ina kewar dararen nan, don a cikinsu na san kogin kwana-kwana. Hotunan da na ware ma ban goge ko ɗaya ba. A cikinsu wata gwaggo ta gane bukkar mijinta, a gefen tabon ruwan sama.