Ashe aljihu ɗaya ne!

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ƙanwata da ke aure a jihar Katsina ce ta faɗa mini cewa duk ranar da ta kai jaririnta rigakafi ana ba ta 'yan kuɗi a hannu. Na ce wa ke biya? Ina nan zaune a Birnin Gwari na ɗauki waya na bi sawu. Ƙungiyar New Incentives ce, mai aiki a Katsina da Zamfara da Jigawa, kuma cikin masu zuba mata kuɗi akwai Dustin Moskovitz, ɗaya daga waɗanda suka kafa Facebook, da matarsa Cari Tuna. To ga abin da ya tayar da ni zaune: su ɗin nan dai suna kashe miliyoyin daloli don kada ƙirƙirarriyar basira ta kuɓuce wa ɗan Adam!

Raina ya ɓaci. Yara na mutuwa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, a ce ana kai sadaka wajen tsoron na'ura? Sai na leƙa maganar masana, na tarar su ma kansu a rabe yake. Geoffrey Hinton ya bar Google a 2023 don ya samu sakewar yin gargaɗi, kuma a watan Mayun shekarar shi da Yoshua Bengio suka sa hannu a wata sanarwa da ta jera wannan haɗari tare da annoba da yaƙin nukiliya. Yann LeCun kuwa, wanda suka raba lambar yabo ta Turing ta 2018 su uku, yana ganin an zuzuta abin. Shugaban kamfanin ƙirƙirarriyar basira na OpenAI, Sam Altman, ya sa hannu shi ma, amma mai haja ne, ban ɗora maganarsa daidai da ta wanda ya ajiye aikinsa ba.

Abin da ya karkatar da ni shi ne dajinmu na Kamuku. Dajin da aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, muna ji muna gani ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, ana cewa ƙaramin abu ne. Ina aka kwana? Hanyar Kaduna ta gagari matafiya, an katse layukan waya a 2021, kasuwar shanunmu ta yi shekara da shekaru a rufe sai Nuwamban 2024. Mai gargaɗi tun da wuri ba zan ƙara raina shi ba.

Kuma mu da muka san kiran neman kuɗin fansa, yau na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum. Wace uwa ce za ta ji kukan ɗanta a waya ta tsaya tantancewa?

Tawa 'yar sadakar asibitin garinmu za ta, nan nake ganin amfaninta da idona. Amma attajiran can kada su janye ko ɗaya daga biyun, rigakafi da binciken haɗarin na'ura, kuma cikin kuɗin binciken a ware na gwada na'urorin nan da Hausa, a koya wa mutanenmu gane muryar bogi.