Bushiya mai gudu da kuɗin niƙa

Ranar Talata, lokacin shan iska, na ga wani hoto a bangon kayen wani ɗan ajina. Hoton wata dabba ce shuɗiya, mai ƙayoyi a baya, da jan takalmi. Yaron ya ce: "Mushe, ka san shi?" Na ce: "Na san shi tun ba a haife ka ba. Sunansa Sonic." Sai yara suka kewaye ni, suna so su ji inda malaminsu ya san shi. Ƙararrawa ta katse mu. To, ga labarin na rubuto muku.

Sonic namijin bushiya ne, amma ba a daji aka haife shi ba. A ƙasar Japan aka zana shi. Wani kamfani mai suna Sega ya fito da wasansa na farko a shekarar 1991. A lokacin, wani kamfanin Japan mai suna Nintendo yana da nasa ɗan wasa mai gashin baki, Mario, wanda ya ci kasuwa. Mutanen Sega suna neman gwarzon da zai fi Mario sauri. Naoto Ohshima ya zana shi. Yuji Naka ya tsara lissafin da ke sa shi motsi. Hirokazu Yasuhara kuma ya shirya hanyoyin da yake bi. Sun zaɓi bushiya domin tana dunƙulewa, ƙayoyinta su zama makaminta. Kun san bushiyar garinmu. Da dare take fita, tana cin ƙwari, ba ta da gudun kirki. Ta Japan kuwa ido ba ya bin ta.

Ga yadda wasan yake. Ana haɗa akwatin wasan, wanda ake kira Mega Drive, da tele, a sa kaset a bisa akwatin. Mai wasa ya riƙe wani ɗan abu mai maɓallai, mu muna ce masa manet. Sonic yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana bin hanyar da ta naɗe kamar gammo. Wani mugu mai ƙaton tumbi, Robotnik, ya kama ƙananan dabbobi ya kulle su cikin mutum-mutumin ƙarfe. In Sonic ya dunƙule ya faɗa wa ɗaya, sai ƙarfen ya fashe, tsuntsu ko zomo ya fito ya tsere. A kan hanya akwai zobban zinariya. In abokin gaba ya taɓa ka kana da zobe ko guda, zobban ne za su watse, kai ka tsira. In ba ka da ko ɗaya, ka rasa rai. Da rai 3 ake farawa, zobe 100 kuma yana ƙara rai guda.

Ni a shekarar 2001 na fara ganinsa, a garinmu Damagaram, ina ɗan shekara 11. A can Japan akwatin ya riga ya tsufa. A wannan shekarar ma Sega ya daina ƙera akwatunan wasa. A unguwarmu kuwa sabon abu ne. Wani mutum ya sayo shi, ya aje shi cikin zaure da tsohuwar tele da benci guda. Dala 5 ake biya, ka yi ta wasa har rayukanka su ƙare.

Ni gudu kawai na sani. Da na karɓi manet sai in danne maɓallin dama, ba ni sake shi. Sonic ya ruga, ya faɗa kan ƙayoyin ƙarfe, zobba su watse. Ya sake rugawa, ya faɗa rami. Kafin minti 2 an ce in tashi. Akwai autan gidan maƙwabtanmu, kowa Auta yake ce masa. Shi da dala 5 ɗinsa sai ya kusan rabin awa a kan benci, har mai zaure ya fara tsaki. Abin yana ci mini rai. Na ɗauka sa'a ce ya fi ni.

Wata rana da la'asar, Inna ta ba ni kwanon hatsi da dala 10, ta ce in kai niƙa. Hanyar injin ta ƙofar zauren nan take bi. Na ji kiɗan wasan. Na ce a raina, bari in yi sau ɗaya, in roƙi mai injin ya niƙa mini rabi. Na aje kwano a gindin benci, na miƙa dala 5. Rai 3 suka tafi kamar ƙiftawar ido. Haushi ya kama ni, na miƙa sauran. Su ma suka tafi.

Na koma gida da hatsi yadda na fita da shi. Na ce: "Inna, injin ya lalace." Ban rufe baki ba sai ga ɗiyar maƙwabtanmu ta wuce ƙofar gida da kwanon gari a kai. Inna ta dube ta, ta dube ni. Ba ta buge ni ba. Tun asuba take suyar ƙosai, amma ta jawo turmi, ta ce: "Ɗauki taɓarya ɗaya." Muka yi ta daka har bayan magariba. Hannuwana suka yi kanta. Tuwo bai sauka ba sai bayan lisha. Ƙanwata, ƴar shekara 4, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta, ba ta ci kome ba. Da safe Inna ta ce mini: "Dala 10 ana samunta gobe. Ƙaryar fa, wa zai biya ta?" Na rasa inda zan sa kaina.

Wata 3 ban riƙe manet ba. Na biya kuɗin da ɗibar ruwa a famfo. Ranar da babu makaranta, Baba ya yarda in je kallo, amma ba da ko dala ba. Sai in tsaya bayan Auta, hannuwana a aljihu.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba sa'ad da nake gudu. Ashe Auta ba kullum yake gudu ba. Kafin ya hau gada yakan tsaya, ya bar kifin ƙarfe ya yi tsalle ya koma. A zango na biyu, inda narkakken dutse yake gudana, yakan hau bisa wani dutse ya jira ya ƙetarar da shi. A zangon da ruwa ya cika, inda Sonic ba ya iya iyo, yakan tsaya wurin kumfa har babbar ta fito ya shaƙi iska. In ya daɗe tsaye, Sonic ya kan juyo ya dube mu, yana buga ƙafa a ƙasa. Auta ko a jikinsa. Amma inda ya san hanya, gudun da yake yi ya ninka nawa.

Na ce: "Auta, yaya kake yi ba ka faɗawa wancan rami?" Ya ce: "Na faɗa shi ya fi sau 20. Yanzu na san inda yake." Sai na gane hanyar ba ta sakewa. Ramin jiya shi ne ramin yau. Na samo tsohon kaye, na dinga zana hanyar: nan gada, nan ƙayoyi, nan hanyar bisa wadda ta fi sauƙi ga wanda ya iya hawa.

Da ƙaramar salla ta zo, na sami barka da salla. Na nuna wa Inna kuɗin, na ce zan kashe dala 10 a zaure. Ta ce: "Naka ne." Ranar na tafi sannu. Na kai wurin Robotnik, yana kaɗa wani ƙaton dunƙule a bakin sarƙa. Na buge shi sau 8, ya gudu. Sa'an nan aka sa kaset na biyu, na shekarar 1992, wanda ke da Tails, yanyawa mai wutsiya biyu. A wannan, ana raba fuskar tele biyu, mutum biyu su yi tsere. Auta ya ci biyu, na ci ɗaya. Wannan ɗaya har yau ina jin daɗinta.

Daga baya an yi wa Sonic wasannin tseren mota. An fara da Sonic Drift a 1994. A 2019 aka fito da Team Sonic Racing, inda ake tsere uku-uku, a haɗa makin ƴan ƙungiya. Wanda ya wuce gaba ya bar abokansa a baya, ƙungiyarsa tana iya faɗuwa.

Yara, in na ce ku yi karatu a aji, nakan ga kaina cikin waɗansunku. Yaro ya ɗauki littafi ya danne maɓallin dama. Ya ga baƙi ya ce baki. Ya ga ƙafa ya ce kafa. Ya tsallake aya kamar babu ita. In an koma ga Faransanci, ya furta harafin da ba a furtawa. In na tambaye shi abin da ya karanta, sai ya yi shiru. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Shafin littafi ma ba ya sakewa. Karatun farko, ku tafi sannu, ku san inda ramukan suke. Na biyu zai fi sauƙi. Na uku kuna iya gudu, ba mai kama ku. Wanda ya riga ya san hanya kuma, ya jawo na kusa da shi.

Inna tana nan da ranta. In na je hutu gida ta aiki ɗana niƙa, takan miƙa masa kuɗin tana dubana. Sai ta ce masa: "Ka tambayi ubanka hanyar injin, ya san ta sosai."

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka zana Sonic, kuma a wace shekara wasansa na farko ya fito?
2. Me ya sa Auta yake daɗewa a kan benci?
3. Me Inna take nufi da ta ce: "Ƙaryar fa, wa zai biya ta?"