Lambar Da Na Raina

Yau labarin wautata zan ba ku, ko wata ta tsira daga irinta.

Ni ce uwar adashin unguwarmu, lissafinsa kuwa duk yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da maigida ya bar mini. A ƙarshen shekarar 2023 'yata ta zo hutu daga jami'a, ta ce za ta sa mini Ubuntu a ciki. Ubuntu manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta ɗungum, kyauta ake ba da ita, kuma yadda aka ƙera ta a fili yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Ta ce, "Inna, iri biyu ne, 22.04 da 23.10, wacce za a sa?" Na ce babbar lamba mana, wa zai je kasuwa ya bar sabuwar atamfa ya ɗauki ta bara? Ta soma yi mini bayani, na ce tuwona na kan wuta.

Ashe lambar nan kwanan wata ce. Ta gaba shekara, ta baya wata. Tun Oktoban 2004, da suka fito da 4.10, masu Ubuntu sau biyu suke fitar da sabuwa a shekara, Afrilu da Oktoba. Suna sa rana tun da wuri, aikin da bai nuna ba sai ya jira zuwa na gaba. A 2006 ne suka jinkirta zuwa Yuni, lambar kuwa ta tona su, ta zama 6.06.

Amma fa ba duka suke daraja ɗaya ba. Bayan kowace shekara biyu, a watan Afrilu, sukan fitar da wadda suke rubuta wa LTS, watau mai dogon reno. Ita shekara biyar suke aiko mata da gyara, suna toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Sauran na tsakani wata tara kurum, domin masu son ɗanɗana sabon abu aka yi su. Ban ga laifinsu ba, gama ba uwar da za ta goya 'ya'ya goma a bayanta lokaci guda. To, 22.04 da na raina mai dogon reno ce, na ɗauki mai wata tara.

A Yulin 2024 lokacinta ya cika. Kwamfuta ba ta mutu ba, sai dai ba mai gadinta, ga dukiyar mata goma sha biyu rubuce a ciki, jibi kuma ranar kwasa. Kai, daren nan ban runtsa ba! Sai da na kwafe lissafin duka da hannu cikin littafi, sa'an nan 'yata ta yi ta gaya mini ta waya abin da zan danna, ina addu'ar kada a ɗauke wuta, har muka hau 24.04.

'Yan makaranta, ku kula, wasu manhajojin ba kwanan wata suke bi ba. Lamba uku suke jerawa, kamar 2.4.1, bisa ƙa'idar da wani Ba'amurke, Tom Preston-Werner, ya rubuta. In ta ƙarshe ta motsa, faci aka yi. In ta tsakiya ce, an ƙara aljihu, riga na nan yadda take. In ta farko ce, an sāke yanka, mai yiwuwa tsohon kayanki ba zai shiga ba, sai ki bincika kafin ki karɓa.

Ran nan 'yata ta bugo waya ta ce an fito da wata sabuwa. Na ce ta gaishe su, tawa tana da reno har 2029.