Pashto: Harafi Ɗaya, Baki Biyu

A Kandahar sunan harshen Pashto. A Peshawar kuwa Pakhto za ka ji ana cewa. A rubuce babu bambanci, domin harafi ɗaya ne, ښ, kowane yanki da yadda yake furta shi. Wanda ya taɓa karanta ajami ya san irin wannan dabara: baƙaƙen Larabci ba su wadatar da sautukan harshen ba, sai masu shi suka ƙara musu ɗigo da 'yan zobba, har haruffan suka haura 40. Rubutun kaɗai aka aro. Shi harshen ɗan uwan Farisanci ne na nesa.

A 1893 Turawan Ingila da Sarki Abdur Rahman Khan suka shata iyakar da ake kira Layin Durand, ta ratsa ƙasar Pashtunawa ta raba ta biyu. Mai dangi a Katsina da Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Afghanistan ta ba harshen matsayin hukuma a 1936, duk da cewa fadar Kabul ta daɗe da sabawa da Farisanci. Amma mafi yawan masu jinsa suna Pakistan, inda Urdu ke riƙe da sarauta.

Abin da ke damuna shi ne, ba ma jin sunan mutanen nan sai an haɗa shi da Taliban. Alhali daga cikinsu aka sami Khushal Khan Khattak, mawaƙin ƙarni na 17 da ya yaƙi Sarki Aurangzeb da takobi da alƙalami, da Bacha Khan, wanda ya tara dubban mazaje a ƙungiyar Khudai Khidmatgar suka fuskanci mulkin mallaka ba tare da ɗaukar makami ba.

Ni dai landai ta fi kama mini zuciya. Waƙa ce mai ɗango biyu, gaɓa 9 a na farko, 13 a na biyu, kuma galibi mata ke yin ta, da yawansu ba su taɓa zama aji ba. A cikinta suke ambaton masoyi, suke yi wa tsohon mijin da aka aura musu dole ba'a, suke kukan ɗan da yaƙi ya ci. Landai ba ta ɗauke da sunan mawaƙiya. Inda waƙar soyayya kan iya jawo wa mace bala'i, ba wanda zai nuna ta ya ce ita ta fara.