Littafin Bashin Kawu da Darasin Python

Litinin, 14 ga Afrilu 2025

Yau Malam ya ba mu aikin gida na farko mai nauyi: kowa ya rubuta shirin kwamfuta da zai warware wata matsala ta gidansu ko ta wurin sana'arsa. Ni kam ban wahala wajen zaɓe ba. Kawu na da shagon kayan masarufi a Tsohuwar Kasuwa, ni ke riƙe masa littafin bashi, kuma duk ƙarshen wata sai na kwana ina danna kalkuleta. Shi zan mayar cikin Python.

Kafin mu watse Malam ya ja mana kunne. Ya ce zaman da muke yi da shi bai wuce awa shida a mako ba, kuma babu wanda ya taɓa iya wannan sana'a da sauraro kawai. Wanda ya maƙale ya yi shiru, shi ba zai sani ba, don ba duba yake yi ba. Wasu sun ji zafin maganar. A ganina gaskiya ya faɗa.

Talata

Babu darasi. Ba ni da kwamfutar kaina, sai manhajar Pydroid 3 da ke wayata. Da rana ba ta aikatuwa, zafin Afrilu ya haura digiri 40, wayar kanta sai ta ɗau zafi ta fara nauyi. Na bari sai bayan isha'i, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Shirin ya tashi. Ya tambayi bashin farko na sa 5000, ya tambayi na biyu na sa 3000. Jimla: 50003000. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, ya ba ni amsarsa hankali kwance. Na goge na sake, na canza sunaye, na kashe manhajar na kunna, duk kanwar ja ce. Da caji ya kusa ƙarewa na ɗauko takarda na rubuta duk abin da na gwada da abin da ya fito.

Laraba

Na hau kabu-kabu daga Mabera na isa tun kafin lokaci. Na tarar da wani ɗan ajinmu ya miƙa wa Malam waya yana cewa, "Malam, ba ya yi."

Malam ko karɓar wayar bai yi ba. Ya ce, "Mi kaka so shi yi? Mi yay yi? Kai mi kag gwada?"

Yaron ya tsaya yana sosa ƙeya. Malam ya ce wannan daidai yake da ka je wurin likita ka ce ba ka da lafiya, a tambaye ka inda ke ciwo ka ce ai shi ne likita. Ya ce ya koma ya karanta layin ƙarshe na jan rubutun, don nan Python ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma akwai lambar layin da ya tsaya. Yawancinmu da mun ga ja sai gaba ya faɗi, mu rufe ba mu karanta ba, alhali taimakon farko ke nan, kuma kyauta.

Da layi ya zo kaina na ce, "Allah gafarta Malam, ina son 8000, yana ba ni 50003000, ga abin da na gwada." Ya karanta takardar har ƙasa. Bai ba ni amsa ba. Ya ce in sa shirin ya buga mini irin abin da yake riƙe da shi, da umarnin type. Na yi, sai ga str. Ashe duk abin da mutum ya shigar ta input, Python rubutu yake ɗaukarsa ko da lamba ce, alamar tarawa kuwa in ta samu rubutu biyu sai ta liƙa su. Na kewaye su da int, 8000 ta fito.

Minti biyu ya ɗauke mu. Da ban zo da takardar nan ba, da sai ya bi duk hanyoyin da na riga na bi, ga mutane na jira a bayana.

Alhamis

Wani abokina ya turo mini nasa aikin, layi kusan ɗari, tsaf, har da sharhi cikin Turanci mai kyau. ChatGPT ne ya rubuta masa. Na tambaye shi abin da layi na bakwai ke yi, ya ce ai tunda yana aiki shi ke nan.

Abin ya dame ni don ina ƙaunarsa, kuma na san kuɗin makarantar nan Innarsa ce ta haɗa da adashe. Ni ma ina amfani da manhajar ChatGPT, ba na musu. Jiya ita na tambaya dalilin da ya sa input ke dawo da rubutu, ta yi bayani, na gwada da hannuna na tabbatar. Amma a ce ta yi aikin ka miƙa, ranar da aka ce ka ƙara abu ɗaya ba ka san inda za ka taɓa ba. Tun 2023 da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3, aka fara da 30,000, aka biyo da 270,000, takardar shaida ta daina zama abin nema ido rufe. Mai ɗaukar aiki zai zaunar da kai gaban kwamfuta ne ya ce bismillah.

Juma'a

Bayan an sauko daga Masallacin Shehu na biyo ta Hubbare, tunanin ajinmu bai bar ni ba. Abin da ke hana mu tambaya kunya ce, kada a ce wane bai gane ba. Matan ajin sun fi shiga wannan hali: suna zaune a gefe, aikinsu sau da yawa ya fi namu tsabta, amma da wuya ka ji muryarsu.

A garin nan bai kamata neman sani ya zama abin kunya ba. Shehu Usmanu da kansa ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. 'Yan Taru na Nana Asma'u daga ƙauyuka suke takowa, jaji na gaba, su zo su koya su koma su koyar. Har gobe a zaure ɗalibi ne ke ɗauko littafinsa, ya yi muɗala'a tun a gida, ya zo ya biya, malam ya gyara. Malami ba ya bin ɗalibi gida yana tambayar inda ya tsaya. Tsarin da Malam ke nema a wurinmu ke nan, mun kuwa tashi a cikinsa.

Asabar

Mu biyar muka haɗu a cibiyar da muke ɗaukar darasi, aka tada janareta da karo-karo. Wata baiwar Allah, matar aure da goyonta, ta ce tun Talata jerin sunayenta ke tsallake na farko. Na ce, "Hajiya, karanta mini layi-layi, ki faɗi abin da kowanne ke yi." Ba ta kai ƙarshe ba ta dafa kai: "Daga sifili yake fara ƙirga!" Ban gaya mata komai ba, saurare kawai na yi. Malam ya taɓa ce mana masu wannan sana'a har agwagwar roba suke ajiyewa kan tebur suna yi mata bayani, saboda in kana faɗin abu da baki dole ka bi shi a hankali.

Abokina ma ya zo. Ya goge nasa ya fara daga farko. Ya tashi da layi goma sha biyu, kowanne ya san dalilinsa.

Lahadi

Na kai wa Kawu. Na shigar da bashin mutum uku, jimla ta fito daidai da ta littafi. Ya gyara tabarau ya ce, "Madalla, ɗana. To in wayar ta mutu, lissafin na nan?"

Ba ya nan. Da an rufe shirin komai ya tafi, don ban iya ajiya a fayil ba tukuna. Na karanta babin ajiya a fayil da dare, na gwada open da write, fayil ya samu, sai dai duk sabon bashi yana share na baya. Ina zargin harafin w da na sa ne. Na rubuta tambayar, da abin da na gwada, da zargina. Gobe darasi ƙarfe huɗu.